Ƙanwata, ki karɓa, amma kada littafinki ya kwana a hannun kowa

Wa alaikumus salam ƙanwata. Tun da asuba na ga tambayarki na kasa wuce ta, don wallahi kamar ni ce na rubuta. Kin ce kin gama bautar ƙasa, wani farfesa ya nemi ki shiga ayarin bincikensa kan ruwa da halittun fadamar Haɗeja da Nguru, ki yi digiri na biyu a hannunsa, ba albashi sai kuɗin mota in an fita, kuma ya ce miki "za a sa sunanki a takarda". Kina tambaya ko ki karɓa ko ki nemi aikin koyarwa. Wannan "za a sa sunanki" ɗin ce ta hana ni komawa barci.

Ni ma haka aka ce da ni. Wata goma sha ɗaya na yi ina fita, kowane wata wuri takwas, daga mashigar Marma har cikin tafkin Nguru. Kafin gari ya waye muke shiga kwalekwale, saboda da asuba ne iskar oksijin take raguwa sosai a ruwa, tsirrai sun kwana suna shaƙa ba rana, kuma ita ba a ɗauko ta a kwalba a zo gida a auna, a wurin ake aunawa. Ki yi tunanin sanyin hunturu a kan ruwa, yatsu sun ƙage, kina riƙe da na'ura da hannu ɗaya, fensir a ɗayan. Da bazara kuma ƙanƙara ce take zama tashin hankali. Kwalaben da za a duba ƙarafa a cikinsu ana ɗiga musu asid, sauran kuwa dole su zauna a sanyi har a isa ɗakin gwaji. Sau nawa na bi gida-gida wajen masu sayar da zoɓo ina roƙon a sayar min da ƙanƙara, da kuɗina, don an kwana biyu ba wuta a gari. Ban taɓa neman a biya ni ba. Duk abin da na auna yana cikin wani littafi mai baƙin bango, wanda har yau in na buɗe shi warin laka nake ji.

Akwai wani babban ɗalibi a ayarin, mai digiri na uku, muna ce masa Malam don girmamawa. Sau biyu kacal ya bi mu fita, kuma duka biyun a bakin gaɓa ya tsaya. Wata rana ya ce in ba shi littafin zai shigar da alƙaluman a kwamfutar ɗakin gwaji, kada su ɓace. Na ba shi da hannu biyu, har da godiya. Sati uku littafin ya yi a wurinsa.

Bayan shekara guda da wani abu, ina cikin adaidaita sahu a hanyar gida, wata ƙawata ta turo min takarda da aka wallafa a mujallar masana, ta ce "wannan ba wurarenki ba ne?" Sunaye huɗu ne a sama, nawa ba ya ciki. Na gangara ƙasa wajen godiya, an gode wa direba, ni ba a ambace ni ba. Na ce wa raina ƙila nasu aikin ne daban. Sai na duba jadawalin. A watan Afrilu, a wuri na biyar, batirin na'urata ya mutu muna tsakiyar ruwa, na bar gurbin ba komai. To ga gurbin nan a jadawalinsu, wata ɗaya, wuri ɗaya, fayau. Ban san hawaye na zuba ba sai da matar da ke gefena ta dafa ni ta ce "baiwar Allah, rasuwa aka yi?" Na kasa ba ta amsa. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Na je wajen farfesan da nake hannunsa, na durƙusa na faɗa masa. Ya ce, "Haƙuri za ki yi, ke ɗaliba ce, naki lokacin yana zuwa." Sunansa yana cikin huɗun nan. Abin da ya fi ƙona min rai ma bai zo ba sai ranar kare kundina, da malamin da aka gayyato daga wata jami'a ya ɗago kai ya tambaye ni me ya sa alƙalumana suka yi daidai da na waccan takarda, ko kwafa na yi. Ni, a gaban mutane, ana tambayata ko na saci abin da na tsamo da hannuna! Malam yana zaune a ɗakin, kansa a ƙasa yana danna waya, bai ce uffan ba. Hotunan wasu shafuka da na taɓa ɗauka a waya, masu ɗauke da kwanan wata, su Allah ya sa suka fitar da ni. Har yau in mun haɗu a taro sai ya washe baki ya ce "Hajiya, ya aiki?" Ina amsawa, amma ban yafe ba tukuna, ina dai roƙon Allah ya ba ni ikon yafewa.

Don haka duk shafin da kika rubuta, ki ɗauki hotonsa a ranar ki tura wa kanki ta imel. Wanda yake son alƙaluma ki ba shi kwafi. Maganar suna kuma ki yi ta yanzu da ake ganin hasken fuskarki, cikin ladabi, a rubuce, ko da saƙon WhatsApp ne: "Ranka ya daɗe, in an wallafa abin da na tattara, a ina sunana zai kasance?" Ki adana amsar. Ki nemi ɗaliban farfesan naki biyu da suka gama, ba waɗanda ke hannunsa yanzu ba, don su ba za su iya magana ba. Ki tambaye su shekara nawa suka yi, kuma wa ya biya kuɗin sinadarai da kuɗin na'urar auna ƙarafa, don nan ne aljihu yake yagewa.

Kada ki ga duk wannan ki ce na hana ki. Wallahi ki je. Abin da ke faruwa a fadamar nan yana buƙatar 'ya'yanmu masu jin yaren mutanen wurin. Tun da aka gama dam ɗin Tiga a 1974, aka ƙara da na Challawa a 1992, a kan kogunan da ke shayar da fadamar, ambaliyar damina da ke shimfiɗuwa ta janye ta ragu, ruwa ya koma gudana kaɗan-kaɗan har da rani, kacalla, doguwar ciyawar nan ta ruwa, ta samu yadda take so. Ta toshe hanyoyin ruwa, wasu garuruwan gonakinsu sun nutse, wasu kuma ruwan ya daina isa gare su, ga tsuntsayen jan baki sun samu maɓoya a cikinta suna cinye shinkafa da dawa. An sa tafkin Nguru da mashigar Marma a jerin dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar a 2000, amma je ki tambayi masunci ko hakan ya buɗe masa hanyar kwalekwale. Wani dattijo da ke tuƙa mu yakan kalli launin ruwa ya ce yau kifi zai taso sama neman iska, in na saka na'ura sai in tarar oksijin ya faɗi ƙasa. Na koyi abu a bakinsa fiye da wasu darussan aji. Abin da ke damuna har gobe shi ne ban taɓa komawa na faɗa musu abin da muka samu a ruwansu ba.

Af, kada ki shiga ruwan nan ƙafa tsirara ko da zafi ya kai ina. Akwai katantanwa masu ɗauke da ƙwayar tsargiya, ta fata take shiga, wani abokin aikinmu sai da ya yi fitsarin jini. Dogon takalmin roba da safar hannu, ki saya da kanki, kada ki jira a ba ki. In kin ga alama ki je asibiti, akwai maganinta. Duk garin da kuka sauka ku fara gaida bulama ko mai unguwa da sarkin ruwa kafin ku taɓa kwalba. Su Baba kuma ki zaunar da su ki faɗa musu gaskiya cewa akwai kwana a waje. Ni ƙanena nake ɗauka a fitowar farko har hankalin Umma ya kwanta.

Ki yi istihara, sannan ki tura masa saƙon nan. In ya amsa, ki biyo ni ta akwatin sirri in ga abin da ya ce, zan kuma turo miki irin jadawalin da nake cikewa a bakin ruwa.