Amsa: Shin waya za ta iya yi wa makaho jagora a Birnin Kebbi?

Malam, ka tambaya ko waya za ta iya kai yayanka mai lalurar gani daga Badariya zuwa Babbar Kasuwa shi kaɗai. Za ta taimaka ƙwarai, amma kada ya ajiye sandarsa. GPS na waya, wato tsarin da ke gano inda mutum yake, yakan kuskure wuri da mita 5 zuwa 10, kuma ba ya ganin kwata, rami ko ɗan kabu-kabu.

A kunna masa manhajar da ke karanta abin da ke kan allon waya da murya, wato TalkBack idan Android ce, VoiceOver idan iPhone, sannan a sauke manhajar Lazarillo, wadda ke faɗin tituna da wuraren da ke kusa da murya. Matsalar ita ce lunguna da yawa ba su da suna a taswira. Don haka mai gani ya raka shi tun farko, su tsaya a ƙofar gida, masallaci da kowace kwana, su adana wurin a cikin manhajar da sunan da zai gane.

Cikin rumfunan kwano sigina na raunana, nan sai tambayar mutane. Ya sa abin sauraro a kunne ɗaya kawai domin ya ji motoci, ya kuma riƙe fawa bank, don GPS na cin batir.