Tsohon CG 125 ya shekara bakwai a zaure: ta ina zan fara tayar da shi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mazaunin Tahoua ne. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bar mana Honda CG 125, yau kusan shekara bakwai yana jingine a zaure. Sirdin ya yage har soso ya zube, tanki sai warin tsohon mai, amma kik yana sauka. Wani bakanike ya leƙa shi ya ce in sauke injin in ɗora na China. Ni kuwa so nake in tayar da shi da hannuna a gida, kaɗan-kaɗan yadda aljihu ya ba da hali. Ta ina zan fara? Kuma ina sha'awar a rufe sirdin da fata irin ta dukawanmu, ko ya dace?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya jiƙan tsoho, ya sa ya huta.

Kada ka sauke injin nan tukuna. Wanda bai taɓa kik ba, bai cire buji ba, ba shi da hujjar yanke wa inji hukunci. Tun da aka fara ƙera CG 125 a 1975, kamfanin Honda ya yi shi ne don ƙasashen da ake ɗora wa babur kaya fiye da kima kuma ba a kula da canjin mai. Ba shi da sarƙar cikin inji, ƴan sanduna biyu ne ke tura supap, wato ƴan ƙofofin shigar mai da fitar hayaƙi, shi ya sa ya fi yawancin babura daɗin taɓawa a gida. Injunan China da yawa da ke ƙarƙashin ƴan kabu-kabu ma kwafinsa ne. Babur da ya kwanta da lafiyarsa, galibi abin da ke hana shi tashi mai ne da ya bushe a karbirato da tsatsar tanki.

Kafin ka kashe ko dala, duba lambar da ke wuyan ƙarfen babur ka gwada da ta takardunsa. In sun dace, sai aiki.

Kuma ka daina taka kik ɗin nan. Shekara bakwai, silinda ta bushe ƙayau. Cire buji, ka zuba cokali ɗaya na man inji ta ramin, ka bar shi ya kwana. Da safe ka danna kik da hannu a hankali, bujin yana waje. Sai ka toshe ramin da babban yatsa, wani ya taka. In iska ta ture yatsan da ƙarfi har ta yi "fut", injin na da numfashi. In ka ji ta laɓo-laɓo, kada ka karaya, sau da yawa supap ne ya matse ko segima, wato zobban da ke kewaye da pisto, suka maƙale a jikinsa.

Juye tsohon mai. A ƙasan injin ta hagu akwai babban murfi, bayansa sifirin da ƴar raga mai kama da hular yatsa. Wanke ta da isansi ka dubi abin da ta tara. Baƙin laka ba komai. Ɓarɓashin ƙarfe mai ƙyalli shi ne abin damuwa. Akwai matata ta biyu da mutane ke mantawa, tana bayan murfin dama wajen ambiriyaji, tana juyawa tana maka datti a jikinta. Ita ma buɗe ta ka kankare, amma ka tanadi sabon juwan, wato takardar da ke tsakanin murfin da inji don hana yoyo, tukuna, domin tsohon ba ya fita lafiya. Sabon mai kusan lita ɗaya ne, 20W-50 na babur mai alamar JASO MA, saboda ambiriyajin a cikin man yake wanka. Wajen aunawa babur ya tsaya cak, sandar awon kuma a ɗora ta kawai, ba a murɗa ta.

Tanki kuwa, zuba masa gazuwal da ƴan notoci cikin hannu, ka girgiza har hannunka ya gaji, ka zubar, ka maimaita har ya fito da haske, ka shanya. In ya huje kada ka yarda a kai masa wuta yana da warin mai. Sa ƴar matata a tiyo tsakaninsa da karbirato, musamman in isansin kwalba kake saye.

Karbirato a kan farin tsumma ake warware shi, kana ɗaukar hoto da waya a kowane mataki. Kafin ka cire sukurun iska, murɗa shi ciki a hankali kana ƙirga zagaye nawa ya yi ya tsaya, ka rubuta, haka za ka mayar. Ƙaramin jikilar, ɗan sukurun nan mai rami da isansi ke bi, shi ne mai laifi kusan kullum: ɗaga shi ga rana, in ba ka ga haske ta ramin ba, ya toshe. Jiƙa shi, ka zura masa silin waya ɗaya na jan ƙarfe daga tsohuwar wayar lantarki. Kada ka sa allura. Ƙarfenta ya fi na jikilar tauri, za ta buɗa ramin, daga nan babur ya dinga shan mai ba ka san dalili ba.

Sabon buji, NGK D8EA, tazarar bakinsa 0.6 zuwa 0.7 na milimita. Jingina shi a jikin inji ka taka, ka ga wuta shuɗiya. Ka kuma duba ko naka mai bolt 6 ne ko 12 kafin ka sayi batir, tsofaffin na 6 ne. Supap ana daidaita su inji na sanyi, alamar T da ke jikin ƙarfen da ke juyawa a bayan murfin hagu ta zo daidai da alamar jikin inji, pisto na sama kuma supap biyun a sake: 0.08 na milimita. Na san ana yi da reza a gareji, amma reza ta ɗan fi haka kauri. Ma'aunin mai ganye-ganye ba shi da tsada.

Matatar iska ita ce maganar da zan fi ja maka kunne a kai. Soson da ya yi shekara bakwai, kana taɓa shi zai ruguje, in ka tayar a haka injin zai haɗiye shi. Sa sabo, ka shafa masa mai kaɗan ka matse. A garin da ƙurar hunturu ke shiga har cikin kwanon abinci, babur marar matata yashi yake sha, yashin nan kuwa shi ke cinye silinda.

Ranar da ya tashi zai yi hayaƙi, man da ka zuba ne ke ƙonewa. Ka yi ƴan kwanaki kana zagayawa da shi cikin unguwa kafin ka yanke shawara, domin segima kan saki da kansu in sun ji zafi. Amma kafin zagayen, buɗe ƙafafun biyu ka dubi birki, fatarsa kan ɓalle daga ƙarfe in ta tsufa, taya da shambur kuma in sun tsattsage a canza. Baƙin hayaƙi isansi ne ya yi yawa, koma kan karbirato. Shuɗi da ya ƙi ɗaukewa, shi ne zai sa ka buɗe saman injin.

Wannan ma kana iyawa a tsakar gida, a kan tabarma, ranar da babu iska. Cire su bi da bi: salansa, karbirato, murfin sama, kulas (kan injin da supap ke ciki), sandunan nan biyu, sai silinda. Da ta fita, cusa tsumma a bakin injin kafin ka taɓa ƴar wayar da ke riƙe da ƙusar pisto. Tana tsalle, in ta faɗa ciki aikin yini ya zama na mako. Ja farcenka a cikin silinda. In ya sarƙe da gaɓa a sama ko da zane mai zurfi, sabbin segima kaɗai ba za su yi ba, sai mai tur, wato mai injin sassaƙa ƙarfe, ya faɗaɗa ta. Asalinta milimita 56.5 ce, ana ƙarawa 0.25, 0.50 har zuwa 1.00. Sayi piston tukuna ka kai su tare, a kansa ake aunawa. Kulas kuma zuba kananzir ta ramukan shiga da fita, in ya tsattsafo ta bakin supap sai an goge su. Wajen mayarwa, alamar IN ta kan pisto na kallon karbirato, rubutun segima na kallon sama, bakunansu kada su hau layi ɗaya, notocin kulas a ɗaure su gicciye kaɗan-kaɗan. Inda zan tsayar da kai shi ne ƙasan injin: kama sandar pisto ka ja sama da ƙasa, in tana ƙwas-ƙwas, kai wa gwani, raba injin biyu na son kayan aikin da ba ka da su. Duk abin da za ka saya, ko a nan Tahoua ko ka aika Konni ko Katako ta Yamai, tsohon da ka cire ya tafi tare da mai sayen, don kayan China suna kama da na asali amma kaurin ƙusar pisto kan bambanta.

Sirdi shi ne na ƙarshe. Fara da farantin ƙarfen da ke ƙasa: kankare tsatsa, a like inda ya tsage, ka shafa fenti. Soson katifa ba ya yi, kafin ka kai Konni ƙarfe kake zaune a kai. Nemi mai tauri wajen tapisiye, wato mai gyaran kujeru, ka manna da gam, ka sassaƙa shi da wuƙa mai kaifi, ka ɗora siririn mai laushi a sama, sannan ka lulluɓe da leda don ruwa kada ya shiga ta ɗinki. Tsohuwar rigar kada ka yar, farke ta a bi ta a yanka sabuwa. Shanya sabuwar a rana ta yi laushi, ka kama gaba, ka ja baya, sannan gefe da gefe daga tsakiya. Farantin ƙarfe yana da ƴan haƙora da ake lanƙwasawa a kan rigar. Waɗanda suka karye a sa ribiti.

Batun fata, aikin dukawan Adar abin alfahari ne, amma ni ba zan sa fatar akuya a sirdin da zai wuni a ranar Afrilu ya kuma sha ruwan Agusta ba. Tana shan ruwa, ta bushe ta tsage, rininta kuma ya kama farar riga. Yi rigar da ledar kujerun mota mai kauri, baduku ya ɗinka maka ta fata mai ado wadda ake ɗorawa a cire. In ka sa sabon pisto, kilomita 500 na farko ka bi shi a hankali ba tare da kaya mai nauyi ba, sannan ka juye mai ka sake duba supap.