Hukuncin Karɓar Baƙi da Abincinsu a Daren Kirsimeti

Tambaya: Assalamu alaikum, Allah gafarta Malam. Lokacin da maigidana yake karatu a Birmingham ta ƙasar Ingila, daren 24 ga Disamba muka ji ana ƙwanƙwasa ƙofa. Ashe tsohuwar Baturiyar da ke maƙwabtaka da mu ce, da jikokinta biyu, riƙe da kek da kati. Muka shigo da su, na dafa shayi na kawo cincin. Yaranmu har yau suna ba da labarin. Da muka dawo Kano, yayan maigida ya ce bikin kafirai muka yi, sai mun tuba. Daga wata baiwar Allah, Gyaɗi-Gyaɗi.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malama, buɗe ƙofar da kuka yi ba laifi ba ne, haƙƙin baƙo da na maƙwabci kuka sauke. A Suratul Mumtahana aya ta 8, Allah bai hana mu kyautata wa waɗanda ba su yaƙe mu saboda addini ba, kuma ba su kore mu daga gidajenmu ba. Hadisin Bukhari da Muslim na wasiyyar Mala'ika Jibrilu game da maƙwabci bai ware Musulmi kaɗai ba. Annabi (SAW) kansa ya karɓi tawagar Kiristocin Najran a Madina. Abin hani shi ne shiga ibadarsu: zuwa coci don bikin, rera waƙoƙin da ke cewa Allah Yana da ɗa, ko kafa bishiyar Kirsimeti a falo. Ba ki ambaci ko ɗaya ba.

Kyautar ma halal ce. Ibn Taimiyya, duk da tsananinsa a kan bukukuwan waɗanda ba Musulmi ba, ya halatta karɓar kyautarsu ranar idinsu, ya kafa hujja da fatawar Nana A'isha cewa a ci 'ya'yan itatuwan da suka kawo, a bar abin da suka yanka domin ranar. Imam Malik ma ya karhanta abin da aka yanka don coci ko don idi.

Inda nake so ki natsu shi ne farantin, don a nan ake zamewa. Kek ɗin Kirsimeti na Ingila, bisa al'ada, ana huda shi da tsinke ana ɗura masa barasar burandi cokali ɗaya ko biyu, a maimaita makonni kafin ranar. Bayan gashi ake zubawa, ke nan wuta ba ta taɓa ta ba. Talotalonsu sau da yawa ana lulluɓe ƙirjinsa da yankan naman alade don kada ya bushe, kitsen ya ratsa naman. Alawa mai danƙo kan ƙunshi jelatin, wanda galibi daga fatar alade ake samo shi. Idan na kanti ne, karanta bayan kwali. Alamar masu ƙaurace wa nama tana kore alade, amma ba ta kore giya. Idan na gida ne, tambaya da fara'a. Turawa sun saba da tambayar abin da ke cikin abinci. Wanda kuka riga kuka ci cikin rashin sani, babu zunubi a kanku.

Gaisuwar idin kuwa an yi saɓani. Ibnul Ƙayyim ya haramta taya murna a kan alamomin addininsu, majalisar fatawa ta Turai da ke Dublin kuma ta sassauta wa mazauna can. Ni na fi natsuwa da a yi godiya, a yi musu fatan lafiya, a tsaya nan. Ramuwar kyauta a bari sai Ƙaramar Sallah, a kai musu tuwo da miya ko cincin.

Hukuncin ɗaya ne da na shinkafar da maƙwabta ke aikowa a Sabon Gari. A gaya wa Yaya wannan cikin ladabi, babu tuban da ya hau kanku. Wallahu a'alam.