Amsa: Ƙirƙirarriyar basira za ta iya rubuta mana littafin gyaran famfon sola?

Malam, ka tambaya ko za ka bar wa na'ura rubutun takardun bayani na masu gyaran famfo. Ina wannan aikin a nan Damagaram, kuma tana rage mini wahala sosai, amma ban taɓa sakar mata ragama ba.

Abin da ya fi taimakona shi ne jerin kalmomi. Na zauna da wani tsohon mai gyara a Zango, muka tsayar da sunan kowane ƙarfe da Faransanci da Hausa yadda yaran shago ke kiransa. Kullum sai na fara liƙa mata jerin nan kafin in ba ta aiki, in ba haka ba yau ta kira abu da suna kaza, gobe ta sauya, mai karatu ya rikice. Sannan ina ba ta mataki ɗaya-ɗaya: kashe wuta, kwance waya, duba fis.

Lambobi kuwa, don Allah ka bi su da idonka. Ta taɓa rubuta mini volt 12 a inda takardar kamfani ta ce 24. Hantar cikina ta kaɗa, don saura ƙiris mu buga.

In ka gama, miƙa wa yaron shago ya karanta da ƙarfi yana gwadawa. Inda ya tsaya yana sosa ƙeya, nan za ka sake rubutawa.