Ku Tambaya Mu Amsa: Tsohuwar Kwalejin Katsina

Tambaya: Malaminmu ya ce Kwalejin Barewa ta Zariya a Katsina aka kafa ta. Gaskiya ne? In haka ne, me aka yi da ginin farko? Daga wata ɗaliba, Malumfashi.

Amsa: 'Yata, malaminku bai yi kuskure ba. A 1921 makarantar ta soma, Gwamna Hugh Clifford ya buɗe ta a watan Maris na 1922, zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko. Tun asali an gina ta ne don horar da malamai, waɗanda za su koma lardunansu su koyar a makarantun En'e. Karatun shekara biyar ne, kuma yara kaɗan ake tsamowa daga kowane lardi, shi ya sa ɗan Sakkwato da ɗan Barno da ɗan Bida suka zauna aji ɗaya. Ahmadu Bello ya shiga a 1926 ya fita a 1931. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya yi daga 1928 zuwa 1933. Kashim Ibrahim da Abubakar Imam ma can suka yi.

A 1938 aka kwashe makarantar zuwa Kaduna, a 1949 ta sake ƙaura zuwa Zariya, sunan Barewa kuwa sai a 1971 aka raɗa mata. Ginin dai bai bi ta ba, yana nan cikin birnin Katsina. A 1959 aka sa shi cikin wuraren tarihi da doka ta hana a rusa, yanzu kuma shi ne gidan adana kayan tarihi, a hannun hukumar tarayya mai kula da irin waɗannan wurare. Ɗakunan da aka yi darasi a cikinsu, su ake shiga kallon kayan da.

Tambaya: Ni magini ne. Yaya ginin ƙasa irin na tsohuwar kwalejin nan zai haura shekara ɗari? Kuma me zai hana a shafe shi da siminti kowa ya huta? Daga wani mai karatu, Damagaram.

Amsa: Malam, simintin nan shi ne ajalin ginin ƙasa. Bangon tubali yana shan laima da damina, ya fitar da ita da rani. Siminti ba ya barin ta fita, kuma ba ya kama ƙasa sosai. Da ya tsage, ruwa ya shiga ta tsagar ya kwanta a baya, ƙasar ta yi laushi. Daga waje sumul, amma ka ƙwanƙwasa da hannu ka ji kamar ganga. Wata rana sai falle guda ya ɓallo da cikin bangon.

Abin da ke raya irin wannan gini shi ne yaɓe a kan kari. A kwaɓa jar ƙasa da yankakkiyar ciyawa, a bar ta ta kwana biyu tana ruɓa, ana juyawa ana tattakawa. A kankare tsohon yaɓen da ya saki, a yayyafa ruwa, sannan a yaɓa, kada kauri ya wuce yatsa biyu a shafa ɗaya. A bi da makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa, don ta kore ruwa. Rufi kuma da laso, wanda ake haɗawa da katsin marina, wato lakar da ke kwanciya a ƙasan ramin rini, da gashin akuya da dafara, wani tsiro mai yauƙi.

Wuri uku ake fara dubawa. Indararo: in ya toshe ko ya gajarta, ruwa ya bi jikin bango ya yi masa kwari. Gindin bango, inda ruwan sama ke fantsama yana ci. Sai bakin azara, inda ta shige cikin bango. Gara ba ta cika damun azarar giginya ba, laima ce ke ruɓar da bakinta. Azara ɗaya ba ta ɗaukar rufin ƙasa fiye da kimanin ƙafa shida ba tare da tallafi ba, don haka ake ɗaura bakan gizo, wato lanƙwasasshen tallafin rufi, a faffaɗan ɗaki. Duk wanda ya rushe bangon tsakiya don ya faɗaɗa aji ko ɗakin baje kaya, bai lissafa wannan ba, rufi zai lotsa.

A gama aikin da bazara, kafin ruwan farko, yaɓen ya samu ya bushe.