Tambaya da Amsa: Labarin agola a hutun Sallah

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni malamar firamare ce. Ina son rubuta wa yara 'yan shekara 8 zuwa 10 labarin almara da za su karanta a hutun Sallah, a kan wata yarinya agola da take ganin kanta bare a gidan mijin uwarta. Sau biyu ina farawa, labarin yana rikiɗewa ya koma wa'azi. Ina matsalar take?
Daga wata malama, Zariya

AMSA: Wa'alaikumus salam, Malama. Wa'azi yana shigowa ne idan marubuci ya faɗi abin da ke zuciyar yarinya da bakinsa. Kada ki rubuta "ta ji ita bare ce". Ki ce an yi wa yaran gida anko, ita kuwa atamfarta daban, don sai da tela ya gama ɗinki aka tuna da ita. Ɗan shekara 8 zai gane sauran da kansa.

Tsawon labarin kada ya wuce kalmomi 2,000, a babi biyar, kowane a karance shi a zama ɗaya. Kafin babi na farko ya ƙare, abin al'ajabin ya bayyana, in ba haka ba yaro zai ajiye littafin ya tafi yawon Sallah. Ki ba sihirin doka guda: misali ƙofar shiga wata duniya a gindin tsamiya da ke buɗewa ranar Idi, ta rufe da magaribar rana ta uku. Wa'adin nan shi ke jan labari. In babu doka, kowace matsala sai ta warware ba gumi, mai karatu ya gaji.

Babban tarkon yana cikin tatsuniyoyinmu na 'yar bora da 'yar mowa, inda wadda aka wulaƙanta take dawowa da dukiya, ɗayar kuma ta gamu da masifa. Wannan ramuwa ce, ba ta ba yarinya gurbi a gida. Gara abin da ya ware ta ya zama abin da ake nema a can duniyar: karin harshen garinsu da yara suke yi wa dariya, a ce da shi kaɗai Dodo yake jin magana. Idan ta dawo, canjin ya zama ƙarami, kamar yayarta ta matsa mata wuri a bakin akushi.

Mijin uwar kuma kada ki mai da shi azzalumi, mantuwa ta isa. Cikin ɗalibanki akwai masu zaune a irin wannan gida, kuma da littafin za su koma can.

Idan kin gama, ki karanta wa yara biyar a fili. Duk inda suka fara mutsu-mutsu, ki sa alama da fensir, ki rage wurin.