Hukuncin Yin Aikin Sa-kai a Gidan Ceton Namun Daji

TAMBAYA: Allah ya gafarta Malam, ina hidimar ƙasa a Kalaba, kuma nakan taimaka kyauta a wani gida da ake renon birai waɗanda maharba suka kashe iyayensu. Abokaina sun ce ɓata lokaci ne alhali mutane na fama da yunwa. Ina da lada? Zan iya ba da zakkata a can? Kuma ya halatta in sayi ɗan biri a hannun mai talla don in 'yanta shi?

AMSA: Bismillahir Rahmanir Rahim. Ɗana, aikin nan halal ne, kuma akwai lada in niyya ta gyaru. A hadisin Abu Huraira da Buhari da Muslim suka ruwaito, Allah ya gafarta wa wani mutum saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. Sahabbai suka tambaya ko akwai lada a kan dabbobi, Annabi (SAW) ya amsa cewa akwai lada a kan duk mai ɗanyar hanta, wato duk mai rai. Bai ware na gida daga na daji ba.

Hadisin da ya fi dacewa da halinka shi ne na Abdullahi ɗan Mas'ud a wajen Abu Dawud. Suna cikin tafiya, sahabbai suka ɗauke 'ya'yan wata tsuntsuwa guda biyu, uwar ta zo tana kaɗa fikafikai. Annabi (SAW) ya tambayi wanda ya tayar mata da hankali, ya yi umarni a mayar mata da 'ya'yanta. To ina ga ɗan birin da aka harbe uwarsa yana manne a ƙirjinta? Birin da ake kira diril ba a samunsa a daji ko'ina a duniya sai jihar Kuros Riba, kudu maso yammacin Kamaru da tsibirin Biyoko na ƙasar Ikwatoriyal Gini, kuma tun 1991 ake renon marayunsa a nan Kalaba. Malam Izzuddin ɗan Abdussalam ya lissafa cikin haƙƙin dabba a ciyar da ita ko da ta tsufa ko ta yi ciwo har ba ta da wani amfani.

Abokanka suna da gaskiya ta fuska ɗaya: ran ɗan Adam ne a gaba. In guzurinka bai wuce na mutum ɗaya ba, ga maƙwabci da yunwa, shi za ka ba. Amma lokacinka da ƙarfinka na ranar hutu ba daga bakin kowa ka cire su ba.

Zakka kuwa, a'a. Aya ta 60 a Suratut Tauba ta iyakance ta ga kashi 8, dukkansu mutane. Ka ba da sadakar ganin dama, ko wakafi.

Batun saye shi ya fi damuna, domin tausayi kan ruɗi mutum a nan. Duk kuɗin da ka miƙa wa mai talla, ka gaya wa maharbi ke nan akwai kasuwa, gobe sai ya koma daji ya harbe wata uwar. Malamanmu na Malikiyya suna da ƙa'idar toshe kafar ɓarna, kuma da ita nake ganin ka bar sayen. Ka sanar da jami'an gandun daji ko masu gidan ceton su karɓe shi ta hanyar hukuma. Wannan hukuncin ya shafi biri da kura da ake yawo da su a kasuwanninmu da sarƙa da takunkumi. Kuɗin kallo shi ke tsawaita wahalarsu.

Sharaɗi ga masu gidan: tsarewar ta zama don jinya, da abinci da ruwa da sarari isasshe, a kiyaye maƙwabta daga cutarwa, wanda ya warke kuma zai iya rayuwa a daji a sake shi. Matar da ta shiga wuta saboda kyanwa, laifinta ta ɗaure ta, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ba. Kai kuma ka wanke hannu bayan aiki, kada hidimar ta sa ka jinkirta salla.

Wallahu a'alam.